TARIHIN KEKE A GARIN BAUCHI: ABIN DA IYAYENMU SUKA SANI GAME DA KACA



Duk wanda yake fita da sassafe a garin Bauchi a 'yan shekarun nan ya ga yadda keke ya dawo kan titi. Daga Yelwa zuwa Wunti, daga Fadamar Mada zuwa kasuwar Muda Lawal, za ka ga malamin makaranta da ɗan kasuwa da ɗalibi, har da ma'aikacin da ya jingine babur ɗinsa a gida, kowa yana taka feda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta kusan ninka uku cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa.

Amma in ka kasa kunne, akwai abin da za ka ji wanda iyayenmu ba za su lamunta ba. Keke zai wuce ka yana ƙiƙi-ƙaƙa, kacarsa ta bushe ta yi ja da tsatsa. Wani kuma tasa ta yi baƙi ƙirin, ta yi kauri da dauɗa, tana shafa wa wando tabo. Can gaba kaɗan sai ka ga mutum ya durƙusa a bakin hanya yana neman tsinke, kaca ta zube. Mun koma wa keke, amma ba mu koma da ilimin riƙonsa ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan 'yar sarƙa, mu ga inda ta fito, da yadda magabatanmu suka riƙe ta, da inda muka saki hanya.

ASALIN KACA

Kekunan farko a ƙasashen Turai ba su da kaca. Feda a jikin tayar gaba take, in ka juya ƙafa sau ɗaya taya ta juya sau ɗaya. Wanda yake son gudu sai dai a ƙara masa girman taya, har aka kai ga keken da tayar gabansa ta kai kusan mita ɗaya da rabi, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya. Mahayi yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi, in taya ta ci karo da dutse sai ya faɗo ta ka. Samari masu ƙarfin hali ne kaɗai suke hawansa.

A 1880 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Hans Renold, wanda yake da masana'anta a Manchester ta ƙasar Ingila, ya ƙirƙiro irin kacar da muke amfani da ita har yau, mai 'yan zobba masu juyawa a kowace gaɓa. A 1885 kuma John Kemp Starley na garin Coventry ya fito da keken da ya kira Rover, wanda tayoyinsa suka kusa zama daidai da juna, kaca tana ɗauko ƙarfi daga feda ta kai wa tayar baya. Da yake faifan gaba ya fi na baya yawan haƙora, juyi ɗaya na ƙafa yana juya taya fiye da sau biyu, don haka babu sauran bukatar ƙatuwar taya. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Daga nan keke ya zama abin hawan kowa, tsoho da yaro, mace da namiji. A cikin waɗannan shekarun ne kamfanin Raleigh ya kafu a garin Nottingham, wanda daga baya sunansa ya zama kamar sunan keke kansa a ƙasar nan.

Wato kaca ce ta mai da keke abin hawan talaka. Awon kacar da muke amfani da ita a yau kuwa, daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne. Wannan awon za mu dawo kansa, domin da shi ake gane kacar da ta mutu.

SHIGOWARSA BAUCHI

Garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809 garin doki da jaki ne. Mai sarauta da mai hali suna kan doki, kaya suna kan jaki da takarkari, sauran jama'a kuma a ƙafa suke shiga ta Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da sauran ƙofofin ganuwa. Turawa sun shigo garin a 1902, kuma a shekarun da suka biyo baya ne idon mutanenmu ya fara sabawa da wannan dokin ƙarfe da ba ya cin ciyawa. Har sunaye uku muka ba shi: basukur, wanda muka lanƙwaso daga bakin Bature, da laulawa, da kuma keke, sunan da ya haɗa da keken ɗinki, shi ne kuma ya zauna.

Hanyar da yake bi ya iso mana doguwa ce. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Akwai ƙaramin layin dogo da aka raɗa wa sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru a 1914 saboda kuza, amma bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Mu sai a farkon shekarun 1960 jirgi ya iso mana, lokacin da aka ja layin da ya bi ta Gombe ya ƙare a Maiduguri a 1964. Kafin nan kayan da kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suke shigowa da su ƙasar, sai sun sauka a Jos ko Kano sannan mota ta ƙaraso da su. To, ka ga ke nan wanda kacarsa ta tsinke ba zai leƙa shagon bayan gida ya sayo wata ba. Wannan nisan kasuwa yana cikin abin da ya koya wa iyayenmu tattali.

Waɗanda suka fara mallakarsa masu albashi ne da masu jari: malaman En'e, malaman makaranta, duba-gari, malaman gona da na daji, masinjoji, da fatake masu cin kasuwannin ƙauye. A shekarun 1940, zamanin da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suke koyarwa a Midil ta Bauchi, ma'aikaci kan daɗe yana tari, ko ya karɓi bashin da za a riƙa cirewa a albashinsa, kafin ya mallaki Raleigh ko Hercules ko Phillips. Keke yana da lasin da ake biya wa En'e duk shekara, a ba ka 'yar lamba ka ɗaura, kuma 'yan doka suna tare wanda ba shi da ita, ko wanda ya fito da dare babu fitila. Har yau tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasin keke a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, gadon wancan zamani ne.

RIƘON DOKI AKA YI MASA

Mutanen da suka gaji kiwon doki ba sai an koya musu cewa abin hawa yana da hakki ba. Keke ba ya kwana a tsakar gida raɓa ta sauka a kansa. A zaure yake kwana ko a ɗakin maigida, wani har mayafi yake rufa masa. Ana naɗe ƙarfensa da leda mai launi don kada fenti ya goge, a yi wa sirdi riga, a sa madubi da ƙararrawa. Aron keke kuwa sai aminin gaske.

Da yawanmu da muka tashi a Jahun ko Nassarawa ko Makwalla mun tuna ranar wankin keke. Yawanci ranar da ba a zuwa aiki ce, da hantsi. Maigida zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya kifa keken a kan sirdi da hannu, ya aiki yaro ya ɗauko tsumma da 'yar gwangwanin kananzir da kwalbar man keken ɗinki mai siririn baki. Aikin yaro shi ne goge wili da madigadi har su riƙa ɗaukar ido. Kaca kuwa maigida ba ya bar wa kowa. Zai juya feda a hankali yana saurare, ya ɗiga mai, ya sake juyawa, ya goge, ya sake saurare. Keken da aka riƙa da kyau ba ya magana, sai dai 'yar ƙaras-ƙaras ɗin firiwil in an saki ƙafa a gangare.

Amma akwai wani sirri da ya taimake su wanda mu ba mu da shi yau. Manyan kekunan wancan zamani, musamman masu tsada, suna zuwa da giyakes, wato gidan kwano da ya rufe kaca ruf daga faifan gaba har na baya. Ƙura ba ta shiga, ruwan sama ba ya taɓa ta, babbar riga ma ba ta shiga cikin haƙora. Akwai 'yar kafa da ake buɗewa a ɗiga mai a mayar. Kacar da take zaune cikin irin wannan gida takan yi shekaru tana aiki, shi ya sa za ka ji ana cewa keken kakan wane har jikoki sun hau. Ba ƙarfen kaɗai ne mai kyau ba, har da sutura da kulawar da ya samu.

Kasuwar keke ta bunƙasa ƙwarai bayan samun 'yanci, har Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya, kamfanin ya kafa masana'antar harhaɗa kekuna a Kano. Dattawa suna tuna tallansa mai hoton mutum yana dariya a kan keke, zaki ya biyo shi ya kasa cim masa.

INDA MUKA SAKI HANYA

Mu yaran da iyayenmu ba su bari mu taɓa nasu, a wajen masu keken haya muka koya. Ka biya 'yan kwabbai a ba ka na ɗan lokaci, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda ba ka kai sirdi ba. Keken haya ba shi da giyakes, sau da yawa ko birkin kirki babu. Kacarsa tana zubewa sau uku kafin lokacinka ya cika, ka mayar da tsinke, ka goge hannu a ƙasa. A nan muka saba da ganin kaca tsirara, baƙa, mai sako-sako, muka ɗauka haka Allah Ya yi ta.

Sai kuɗin man fetur suka shigo. An koma naira a 1973, aka biya ƙarin albashin Udoji da ariyas a 1975, aka ƙirƙiro jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976 garinmu ya zama hedikwata. Ma'aikacin da jiya yake alfahari da Raleigh ya sayi Honda ko Suzuki ko Vespa, na sama da shi ya sayi Fijo ko Bitil. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe masana'antar Steyr a nan Bauchi tana harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Abin mamaki, uwar kamfanin a ƙasar Ostiriya ta daɗe da shahara wajen ƙera kekuna tun ƙarshen ƙarni na 19, amma lokacin da ta zo mana ba wanda yake maganar keke. Ya zama abin hawan mai gadi da ɗan ƙauye da mai tallan itace. Abin da aka raina kuwa ba a yi masa wankin ranar hutu.

Da tattalin arziki ya karye, gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, keken Ingila ya fi ƙarfin talaka. Kekunan Sin da Indiya irin su Phoenix da Hero suka cika kasuwa. Ƙirarsu irin ta da ce, suna ɗaukar buhun masara daga Liman Katagum ko Kangere har cikin gari, amma da yawa rabin murfi kawai suke da shi a kan kaca. Wanda ya zo da cikakken giyakes ma, in ya lotsa ya fara ƙara, ko ya wahalar da mai faci wajen cire tayar baya, sai a ɓalle shi a jefar. A daidai wannan lokaci garejin motoci da na babura sun yawaita, baƙin man da aka juye daga inji yana nan kyauta a kowane lungu. Sai ya maye gurbin 'yar kwalbar man keken ɗinki. Ka tsaya wajen bakanike, ya tsoma tsinke ko gashin kaza a gwangwani ya lafta maka, ka yi godiya ka wuce.

Daga baya acaɓa ta mamaye gari, Jincheng ta zo, Bajaj ta biyo, Keke Napep ya ƙwace har sunan. Lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke a 2001, dariya aka yi masa, musamman da mota ta ture shi a Abuja yana kan nasa. Masu gyaran keke na gaske suka tsufa, 'ya'yansu suka koma gyaran babur.

Yau da muka dawo, kekunan da suka fi yawa a hannun matasa na gwanjo ne daga Turai da Japan da Amurka, masu giya shida ko bakwai ko fiye. Kacarsu ta fi ta da siranta, ba ta da murfi ko kaɗan, kuma tana ratsa wasu 'yan faifai biyu da suke rataye kusa da ƙasa, daidai inda ƙura ta fi yawa. Mun haɗa kacar da ta fi kowace bukatar tsafta da al'adar baƙin mai da muka gada daga shekarun wahala.

ABIN DA YAKE CIN KACA

Kacar keke tana da gaɓa fiye da 100. A kowace gaɓa akwai ƙusa a tsakiya, da zobe mai juyawa a kanta, da 'yan ɓallayen ƙarfe a gefe biyu. Duk lokacin da gaɓa ta hau faifai sai ta lanƙwasa, in ta sauka ta miƙe. A babban keke mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya, juyi ɗaya na feda yana kai ka wajen mita biyar da rabi, kuma kaca tana zagayowa kusan sau 70 a kowace kilomita. Wanda yake yin kilomita 10 a rana, kowace gaɓa ta kacarsa ta zaga sau 700, tana goga ƙarfe da ƙarfe a ƙarƙashin nauyinsa da na kayansa. Can cikin wannan ƙusa da zobe ne ake bukatar mai. Wanda yake a waje ba ya aikin komai sai kama ƙura.

Ƙura kuwa Allah Ya hore mana ita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ta tun daga hamadar ƙasar Chadi, ga kuma ta lungunanmu da ba su da kwalta. Ƙurar nan garin yashi ce. Kowa ya san yadda mata suke cuɗa bayan tukunya da yashi har ta yi fari. To haka yashin da ya haɗu da mai yake yi wa cikin kaca, yana cin ƙusa kaɗan-kaɗan. Baƙin mai ya fi muni domin tun daga inji ya taho da garin ƙarfe da toka, ga kauri da danƙo. Man gyaɗa da man ja da wasu suke sawa su ma ba su dace ba, domin in sun sha iska da rana sukan daskare su zama kamar ƙaro. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa yana wanke man ya bar tsatsa.

In ƙusoshi suka cinye, sai mu ce kaca ta ja ko ta yi tsawo. Ƙarfen bai miƙe ba, rami ne ya buɗe a kowace gaɓa. Kacar da ta yi tsawo ba ta zama daidai a cikin haƙora, sai ta riƙa hawa kansu tana feƙe su har su yi tsini kamar ƙaya. Daga nan in ka taka da ƙarfi sai feda ta zame, abin da ya sha kayar da mutane a tsakiyar titi. A lokacin ko ka sayi sabuwar kaca ba za ta zauna ba, sai ka haɗa da firiwil, wani lokaci har da faifan gaba. Abin da tsumma da cokalin mai za su tsare ya zama kashe kuɗi uku, a zamanin da kayan gyara duk daga waje ake shigo da su da dala.

YADDA ZA MU YI A GIDA

Aikin bai fi na rabin sa'a ba, kuma ba ya bukatar bakanike. A tanadi tsumma biyu na auduga, da tsohon buroshin haƙori, da ɗan kananzir a gwangwani, da mai mai tsabta. A kifa keken ko a ɗora shi a kan jakinsa yadda tayar baya za ta juya, a shimfiɗa kwali a ƙasa.

Da farko a kama kaca da busasshen tsumma a juya feda baya, a yi ta yi har dauɗar waje ta ragu. Sai a tsoma buroshi a kananzir a cuɗa gaɓa-gaɓa, sama da ƙasa da gefe. A kankare dattin da ya daskare tsakanin haƙoran firiwil da tsinke, haka ma 'yan faifan nan biyu na keke mai giya. A kula kada kananzir ya kwarara cikin boris ɗin taya ko na feda, domin zai narkar da giris ɗin da yake ciki, kada kuma ya taɓa roban birki ko bakin wili. Kananzir ya yi tsada yanzu, amma abin da ake bukata bai fi 'yan cokula ba. Wanda ba shi da shi ya yi da ruwan omo mai ɗumi, sai dai ya ɗauraye sosai. Fetur kam a bar shi, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya jawo gobara.

In kacar ta yi muni ƙwarai, ta babban keke tana da gaɓar mahaɗi mai ɗan makulli da ake zarewa da filaya. A cire ta a jefa cikin gora da kananzir a girgiza, a bari ta jiƙa. Wajen mayarwa a tabbata rufaffen kan makullin yana fuskantar inda kaca take tafiya, in aka juya shi yana iya fita a hanya.

Bayan wanki a goge, a bar ta a rana ta bushe sarai. Mai ba ya shiga inda ruwa ko kananzir yake. Sannan a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ta gefen da yake taɓa haƙora, ana juya feda baya a hankali. A fara daga gaɓar mahaɗi don a san inda aka tsaya. Akwai man da aka yi musamman don kacar keke, in an samu shi ne gaba. In babu, man keken ɗinki yana yi, sai dai ba ya daɗewa. Sabon man inji wanda bai taɓa shiga mota ba shi ma yana yi, musamman da damina. Giris ba ya ratsawa ciki, a waje yake tsayawa ya tara yashi.

A juya feda kamar sau 20, a bar shi ya ɗan jima, sannan a zo ga matakin da yawancinmu muke tsallakewa: a ɗauki tsumma na biyu a goge duk man da yake waje, har in ka taɓa da yatsa ba za ka ga komai sosai ba. Da hunturu a rage mai a yawaita gogewa, ko da kullum ne in an dawo gida. Da damina duk ranar da ruwa ya doke ka, ka goge ta bushe ka ɗiga sabo kafin ka kwanta. In ta fara ƙara, ta riga ta daɗe da jin ƙishi.

A babban keke marar giya a duba sako-sako. In ka danna tsakiyar kaca, motsinta sama da ƙasa kada ya wuce kamar rabin inci. In ya wuce, a sassauta notin tayar baya a ja ta baya kaɗan, a daidaita ta a tsakiya a ɗaure. Kada kuma a ɗame ta kamar tsirkiya, hakan yana kashe boris.

Duk bayan 'yan watanni a ari tef ɗin tela ko rula a auna. Daga tsakiyar wata ƙusa, a ƙirga ƙusoshi 24 gaba, ta ƙarshen ya kamata ta faɗa daidai kan inci 12, wato santimita 30 da rabi. In ta wuce da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin sauya kaca ya yi, kuma firiwil zai tsira. In ta wuce da milimita uku, to ta riga ta ci haƙora.

A ja wa yara kunne kada su sa yatsa kusa da haƙora lokacin da taya take juyawa. Amma kada a kore su daga wajen. A ba su tsumma su goge wili kamar yadda aka ba mu, suna kallo suna koyo. Wanda kuma ya yi sa'a yana da tsohon keke mai giyakes a gida, kada ya bari a ɓalle masa shi, in ya lotsa a kai wa maƙeri ya buga.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Iyayenmu ba su karanta sunan Renold ba, amma sun san cewa abin da yake kai ka wajen neman abinci yana da hakkin rabin sa'a a mako. A yau keken nan shi ne yake kai yaro makaranta ba tare da kuɗin Napep ba, shi ne yake kai magidanci kasuwa ya dawo da ragowar canji a aljihu. Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga watan Yuni a matsayin ranar keke ta duniya, mu kuwa ranar wankin keke muka gada, kuma ita ce ya kamata mu farfaɗo da ita a ƙofar gidajenmu.

Muna roƙon dattawanmu da suka ga zamanin lasin keke da keken haya, da tsofaffin masu gyara da suka rage a Wunti da Railway da sauran unguwanni, su ƙara mana da abin da suka sani, su gyara mana inda muka yi kuskure. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kiyaye mu a kan hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu.